Ɗaliban da suka baro Sudan: A gwada mu kafin a mayar da mu baya

Assalamu alaikum, Edita.

Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana a kan ɗaliban da yaƙin Sudan ya koro gida, domin ni ɗaya ne daga cikinsu. Lokacin da ake kwaso mu babu wanda bai san da mu ba, rediyo da talabijin kullum maganarmu, masallatai suna ta yi mana addu'a. Da jirage suka sauke mu a Abuja aka yi hotuna aka watse, sai zancen ya mutu, alhali wahalarmu salo kawai ta sauya.

Ina aji huɗu a karatun likita a Khartum, har na fara shiga asibiti ganin marasa lafiya, lokacin da sojojin Janar Burhan da dakarun RSF na Hemeti suka fara ɓarin wuta ranar Asabar 15 ga Afrilu, 2023, ana cikin azumi. Da ƙaramar jaka muka fito. Wasunmu motoci suka bi da su ta hamada zuwa iyakar Masar, suka sha zaman jira kafin a bar su su wuce Aswan, wasu kuma ta Port Sudan aka fitar da su. Rukunin farko ya sauka Abuja ranar 3 ga Mayu. Gwamnati ta yi ƙoƙari a wannan, Allah ya saka da alheri. Sai dai wanda ke gudun harsashi ba ya biyawa ofishin makaranta neman takardar sakamako, ofishin ma a kulle yake.

Wannan takardar ita ce aka fara tambayata a jami'ar da na nemi gurbi, wadda ba zan kama sunanta ba. Na miƙa katin shaidar ɗalibi da rasit ɗin kuɗin makaranta da hotunan sakamakon da ke cikin wayata. Jami'in ya jujjuya su ya ce, "To ɗan samari, wa ya sa hannu a nan? Ina hatimi?" Na ce, "Ranka ya daɗe, mai hatimin shi ma gudun hijira yake." Ya yi murmushi, ya ce in dawo mako mai zuwa. Mako mai zuwan nan ya cinye watanni. JAMB ta yi alkawarin taimakawa a shigar da mu jami'o'in gida, amma yanke hukuncin ajin da za a ajiye mutum yana hannun kowace makaranta, kuma kowace da irin nata ma'aunin. A ƙarshe aji biyu aka ba ni. Abokina da muka zauna benci ɗaya a Khartum ya samu aji uku a wata jami'ar, wata 'yar ajinmu kuwa cewa aka yi ta bar likitanci gaba ɗaya ta koma wani kwas.

Ban ce jami'o'in ba su da hujja ba. Hukumar likitoci ta MDCN ta ƙayyade wa kowace makaranta yawan ɗaliban da za ta ɗauka, kuma gurbin ya riga ya cika da waɗanda suka sha wuyar JAMB. Ba kuma za a damƙa ran mutane a hannun wanda ba a tabbatar da karatunsa ba. Na yarda da wannan. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce rashin hatimi daidai yake da rashin karatu. A nan gida akwai jarrabawar da ake yi kafin ɗalibi ya tsallaka zuwa asibiti, ta sanin sassan jiki da yadda suke aiki da sinadaransu. Me ya hana a zaunar da mu a yi mana irinta, rubutu da ta baka? Wanda ya ci ya wuce, wanda ya faɗi ya koma baya bakinsa alaikum.

Zaman ajin kansa wani karatu ne. A Sudan ranar Lahadi ake fara mako, Juma'a da Asabar hutu, har yanzu jikina bai gama yarda cewa akwai lacca da safiyar Juma'a ba. A can muna 'yan kaɗan a aji, malami ya san sunan kowa. A nan in ba ka yi sammako ka ajiye littafi a kan kujera ba, a bakin taga za ka ɗauki darasi. Sai da na koyi cewa labarin sauya lokacin lacca a zauren WhatsApp na aji yake fitowa, wani lokaci da tsakar dare, kuma wanda bai mallaki tambayoyin shekarun baya ba bai fara shiri ba. Wurin kwana a hostel ya ƙare kafin sunana ya fito, don haka daga gida nake zuwa, ga shi mun dawo daf da cire tallafin mai na ranar 29 ga Mayu, kuɗin A Daidaita Sahu ya yi tashin gwauron zabi.

'Yan ajin namu ƙannena ne, da yawansu suna sakandare lokacin da na tafi. Suna kirana Hemeti, ina amsawa. Kuma gaskiya yaran nan sun san karatu. Akwai wata yarinya da ke zayyano jijiyoyin hannu kamar tana karanta Fatiha, a wurinta na sake koyon abin da na ci jarrabawarsa shekaru baya. Su ma sun ɗanɗana tasu: yajin aikin ASUU na 2022 ya zaunar da ɗaliban ƙasar nan a gida daga Fabrairu zuwa Oktoba. Shi ya sa nake ba 'yan uwana da muka dawo tare shawara su rage "a Sudan kuwa kaza muke yi". Ba mai son ji, kuma yana ƙara wa mutane zaton cewa mu 'ya'yan masu kuɗi ne da suka raina gida. Mahaifina gona ya sayar ya biya min shekarar farko. Da yawanmu arha da kusancin addini da al'ada ne suka kai mu can, wasu kuma gwamnatocin jihohinsu ne suka tura su.

Akwai abin da ba a gani a takarda. Ran nan muna cikin lacca salansar wata mota ta yi ƙara a waje, ban san lokacin da na tsinci kaina a ƙarƙashin benci ba. Aji ya kwashe da dariya, ni ma na taya su, amma hannuna bai daina rawa ba har aka tashi. Na san wata da ba ta iya zama inda ake buga bindiga a hawan Sallah. Tun da muka dawo babu wanda ya kira mu ya tambaye mu yadda muke barci. A gida kuma, duk bikin da na je sai wata gwaggo ta ce, "Likita, yaushe za a gama ne?" Sai in ce, "Saura ƙiris, Gwaggo."

Kirana ga Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da hukumar kula da jami'o'i ta NUC da MDCN da JAMB shi ne su zauna su fitar da ƙa'ida ɗaya a rubuce, wadda kowace jami'a za ta bi idan ɗalibi ya dawo daga ƙasar da ake yaƙi ba tare da takardunsa ba, kuma a sa jarrabawar tantancewa a cikinta. Kafin mu, na Yukren sun dawo a 2022 sun sha irin wannan yawon ofis-ofis. Jami'o'i kuma su ware malami ɗaya da sabon dawowa zai riƙa zuwa wurinsa, ko da don ya nuna masa yadda ake rajistar kwasa-kwasai ne. Gwamnatocin jihohin da suka tura ɗalibai su binciki inda kowannensu yake yanzu, domin akwai waɗanda har yau suna gida, wasu sun kama sayar da kati da gyaran waya.

Na gode, Edita. Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka, ya kawo wa mutanen Sudan zaman lafiya.

Daga wani ɗalibin likitanci,
Kano.