Zuwa ga Uwata, kan maganar digiri na ukun nan

Assalamu alaikum Uwata,

Da fatan kina lafiya ke da maigidanki da 'yan jikokina. Mu nan Sakkwato lafiya lau sai zafi wanda kin san shi, tun goma na safe ƙyauren gida ba ya taɓuwa, innarki na nan tana fama da randa da wutar da ba ta zuwa.

Na ga saƙon da kinka turo ta WhatsApp, jerin jami'o'i har goma sha huɗu kowace da tutar ƙasarta a gefe. Na so in kira ki amma na san halina, in na fara magana sai in manta rabi, ke kuma ki yi ta to Baba to Baba har kati ya ƙare. Shi ya sa na zauna bayan la'asar na ce bari in rubuta ki karanta a natse.

Na ji daɗi ƙwarai, Allah ya sani. A garin da Nana Asma'u ta tura jajis ƙauye ƙauye suna karantar da mata, ba wanda zai zo ya ce mani ɗiyata ta tsaya a mastas. To amma jerin nan naki na duba sama na duba ƙasa, na ga sunan gari, na ga kuɗin makaranta, na ga ranar rufe fom, abu biyu ne ban gani ba, mi kike son ki bincika, kuma wa zai duba maki aikin. Su kuwa su ne karatun, sauran duk hanya ce ta zuwa.

Bari in ba ki labarin da ban taɓa ba ki cikakke ba. Nawa digirin shekara bakwai ya ci, kina firamare na fara, kina sakandare na gama, kuma ba don ni daƙiƙi ba ne. Sunan jami'a na bi, da anka ce ga wanda zai duba ka ban tambayi kowa halinsa ba, na ji dai farfesa ne babba sai na yi ta murna. Ashe mu kusan ashirin ne a hannunsa ga shi kullum yana hanya. Na kai masa babi na biyu da damina, ya ce in dawo bayan sati uku. Na yi ta zarya, in hau mota tun asuba in isa in tarar da ofis a kulle, masinja ya ce ai oga ya tafi taro. Wata tara bayan nan na same shi, yana neman wata takarda sai ga babin nawa a kan loka, ƙura ta rufe shi, ga zoben kofin shayi a kan shafin farko, ko biro bai taɓa shi ba. Wallahi Uwata ranar a masallacin tasha na zauna na kasa tashi. Ban riƙe shi ba, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai ilimi, lokaci ne ba shi da. Amma da na tsaya na tambayi ɗalibansa biyu kawai kafin in biya kuɗin rajista da ban yi asarar wannan shekarun ba.

Don haka ki juya jerin nan, ki fara da tambayarki. Kin ce kina son ki ci gaba da harkar albasa tunda a kanta kinka yi mastas, madalla, amma "matsalolin ajiyar albasa a Arewa" ba tambaya ba ce, kanun lacca ne. Kin tuna ran da munka je wajen kawunki a Goronyo ya buɗe rumbun kara, warin ya kore mu baya, yana tsintar masu kyau yana jefar da masu ruwa gefe har tulin na banza ya kusa kai na kirki? Nan tambayarki take. Mi ke ruɓar da ita tsakanin girbi da tsakiyar damina, ƙwayar cuta ce tun daga gona, ko takin da anka zuba da yawa, ko rashin barinta ta sha iska ta bushe kafin a zuba, ko danshin da ke shiga rumbun in ruwa ya sauka? Ki ɗauki ɗaya. Kowa ya san manomi na sayarwa da arha lokacin girbi don tsoron ruɓa, ƙarshen shekara kuma buhu ya yi tsada shi ba ya da ko ɗaya, in kin amsa ƙaramar tambaya ɗaya a nan da kyau kin yi aikin da ya isa a kira ki dakta. Ki zauna ki rubuta shafi biyu ko uku, ga abin da nake tambaya, ga waɗanda sunka taɓa shi da inda sunka tsaya, ga yadda zan auna, ga kayan aikin da nake bukata, ga shekarun da zai ci. In kin kasa bayyana wa innarki shi da Hausa ta gane to bai nuna ba tukun.

Da wannan takarda a hannu sai ki nemi mutum. Ki shiga Google Scholar ki ga su wa ke rubutu a kan cututtukan albasa ko ajiyar kayan gwari a shekara biyar da sunka wuce, ba wanda ya yi suna tun zamaninmu ya daina shiga lab ba. Ki karanta takardunsa biyu ko uku da gaske, sannan ki tura masa imel gajere, ki ce na karanta aikinka kaza, ga abin da na samu a nawa mastas, ga tambayata, kana ɗaukar ɗalibai bana, akwai kuɗin bincike? Ban da doguwar gaisuwa da kirari, ban da roƙo, kuma kada ki tura wasiƙa ɗaya ga mutum talatin kina sauya suna kawai, suna ganewa tun layin farko. Da yawa ba za su amsa ba, ba raini ba ne, bayan sati biyu ki tuna masa sau ɗaya ki wuce gaba. Wanda ya amsa kuma ki nemi ɗalibansa, sunayensu na nan a kan takardun da sunka rubuta tare, ki tambaye su kai tsaye, kwana nawa yake yi da babi, shekara nawa na ƙarshe ya yi kafin ya gama, yana ganin ɗalibi ko sai an bi shi filin jirgi.

Ƙasashen kuma tsarinsu ba ɗaya ba ne. Ingila shekara uku zuwa huɗu, bincike ne tun ranar farko, shi ya sa furofozal, wato takardar nan ta shafi biyu ko uku, da amincewar mai dubawa su ne kan gaba. Amurka shekara biyar zuwa shida, za ki koma aji ki yi kwasa-kwasai da jarrabawa kamar shekara biyu kafin ki shiga bincike sosai, yawanci suna rufe karɓar takardu wajen Disamba don masu farawa a Agusta, amma in sun ɗauke ki da tallafi su ke biyan kuɗin makaranta su ba ki ɗan albashi ki taya koyarwa ko aikin lab. Jamus jami'o'in gwamnati galibi ba kuɗin makaranta, kuma sau da yawa digirin kamar aiki ne ake tallarsa a biya ka, ga kuma DAAD, hukumarsu mai ba da tallafin karatu. Maleshiya ma abokan aikina da yawa can sunka yi.

Yanzu maganar kuɗi, nan nake son ki buɗe kunne. Kada ki fita da kuɗin aljihu, ko maigidanki ya ce zai sayar da fili kada ki yarda. Kafin Yunin 2023 dala a banki tana wajen naira 460, cikin 2024 ta haye 1,500, yaran mutane nawa sunka tafi da lissafin shekara uku kuɗin ya ƙare a wata goma, ga bashi ga kunyar dawowa. Ingila kaɗai, tun Janairun 2024 sun hana masu mastas na aji tafiya da iyali, masu digiri na uku an bar masu, amma kuɗin lafiya da ake biya tare da biza fam 776 ne a shekara kan kowane mutum ɗaya. Ke da shi da yara biyu fam 3,104 ke nan a shekara, kuma na duk shekarun ake karɓa tashi ɗaya, ba a zo maganar haya da tikiti ba. Ki buga a kalkuleta da kanki.

A jerin naki na ga kin sa Chevening, tallafin karatun gwamnatin Ingila, ki goge, na mastas ne kawai. Tallafin PTDF na gwamnatinmu na masu fannonin da sunka shafi man fetur da gas ne, albasa ba ta shiga. TETFund kuwa, asusun tallafa wa manyan makarantu, tunda kina koyarwa a babbar makarantar gwamnati kina da haƙƙi ta hannun makarantarku, sai dai sun dakatar da tura mutane waje daga Janairun 2025, saboda tsada da kuma waɗanda anka kashe wa kuɗi sunka ƙi dawowa, na cikin gida ne ya rage, kuma akwai yarjejeniyar da za ki sa hannu cewa za ki dawo ki yi masu aiki, ki karanta ta layi layi kafin ki sa hannu. Wanda ya fi kwanta mani a rai shi ne wani tsarin tallafin karatu na Commonwealth da za ki yi rajista a jami'ar gida, su ɗauki nauyinki ki je Ingila wata goma sha biyu ki yi aikin lab ki dawo ki ƙarasa. Albasarki dai a nan take, ba a Ingila ba, rumbun kawunki ba zai shiga jirgi ba.

Kuma kada ki raina gida. Ga jami'ar Danfodiyo a bakin ƙofa, har da cibiyar binciken makamashi da sunka daɗe suna aiki a kan na'urorin busar da kaya da hasken rana, ga cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya, ga cibiyar noman ƙasa mai ƙarancin ruwa a Bayero Kano. Yawancinsu suna son mastas mai maki 3.5 cikin 5 ko kashi 60, da takardar NYSC da kiredit biyar ɗinki na sakandare, a takarda shekara uku ne. A takarda na ce. Yajin ASUU na 2020 wata tara ya yi, na 2022 wata takwas, tun Fabrairu har Oktoba, ga kuɗin sinadarai da galibi daga aljihunki zai fito, ga firijin lab da ke mutuwa da samfurin mutum a ciki in wuta ta tafi. Kowane ɓangare da nasa ciwon kai, ni dai in mai dubawa na kirki ne gida ya fi mani sauƙin zuciya, amma ba zan ɓoye maki ba akwai son kai a ciki, ina son ganin jikokina.

Takardu kuwa ki fara jiya. Tiranskirif, wato takardar cikakken sakamakonki, na digirin farko da na mastas ki nema tun yanzu, ya kan ci watanni, kada ki jira sai an ce saura sati biyu. Ki duba sunanki a WAEC da digiri da fasfo, na tuna a ɗaya an sa sunan kakanki a ɗaya ba a sa ba, ki je kotu ki yi rantsuwa a gyara. Sakamakon jarrabawar Turanci ta IELTS shekara biyu yake yi ya mutu, kada ki rubuta sai kin tabbatar inda za ki suna nema, wasu suna karɓar wasiƙar da ke nuna da Turanci kinka yi karatu. Masu rubuta maki shaida ki zaɓi waɗanda sunka san aikinki, malaminki na mastas ya fi wani babban mutum da bai san fuskarki ba, ki ba su wata guda da kwafin furofozal ɗin. Aikin mastas ɗinki ki fitar da takarda ɗaya daga ciki, amma ban da mujallun nan da ke cewa turo kuɗi mu buga cikin sati, mai dubawa na ƙwarai in ya gan su a takardunki sai ya rage maki daraja. Ejan ma da ke cewa zai samo admishan da sikolaship in an biya shi, ki bar shi da Allah.

Sai maigidanki. Na san mutumin kirki ne kuma ya ce ya yarda, amma yarda a falo daban, yarda a shekara ta uku ranar da kinka kwana a gaban kwamfuta yaro na zazzaɓi daban. Ku zauna ku yi maganar dalla dalla, wa zai kai yara makaranta, in tafiyar shekara guda ta taso wa zai bi wa, aikinsa fa. Innarki ta ce in gaya maki ita ta ɗauki yaran ko gobe, na ce mata ta bari a tambaye ta tukun, ta ce ba ta bukatar tambaya.

Ki yi istihara, sannan ki turo mani shafi biyun nan kafin Juma'a mai zuwa, da sunan mutum uku da kike ganin za su iya duba ki da dalilin da ya sa kinka zaɓi kowane. Jan birona na nan bai bushe ba. In kuma kuna tafe ƙarshen wata ki gaya mani da wuri in kira kawunki, ya ce bana ma ya zuba buhu arba'in a rumbu, ki zo da littafi da ma'aunin zafi ki fara dubawa.

Ki gaida maigidanki da yara.

Babanki