Wasiƙa daga New Orleans: daren titin Frenchmen

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da mai ɗaki da yara da su Hajiya. Ni ma lafiya lau, alhamdu lillahi, sai kewar gida da ba ta barin mutum.

Saƙonka ya iso, na kuma ga tambayar da ka yi bayan hoton nan da na turo maka: me wanda bai taɓa kai giya bakinsa ba yake nema a titin da mashaya ke jere? Na san don ƙauna ka tambaya, shi ya sa ban amsa a waya ba, na ce gara in zauna in rubuto maka a tsanake.

Sunan wurin titin Frenchmen, a unguwar Marigny ta birnin New Orleans na Amurka, daf da tsohon garin da Faransawa suka kafa a 1718 a bakin kogin Misisifi. Inda ake hada-hadar bai fi layi uku ba, ka taka shi cikin minti biyar. Da rana shiru yake. Amma da an yi isha'i sai kowace ƙofa ta buɗe da nata kiɗan: Spotted Cat, Blue Nile, d.b.a., Snug Harbor. Ka tsaya a tsakiyar titi, kunnenka na dama yana jin fiyano, na hagu yana jin ƙaho. Can a mahaɗar titin Chartres kuwa samari ne 'yan gari ke tsayawa da ƙahonin tagulla da ganguna, ba dandamali ba lasifika, jama'a ta kewaye su har mota ta rasa hanya. A wani lungu akwai kasuwar dare ta masu zane da masu ƙera 'yan kunne da sarƙa, kowa da teburinsa ƙarƙashin fitilu.

Ba zan ɓoye maka ba, giya tana nan sosai. Dokar garin ta yarda mutum ya fita titi da ita, in dai ba a kwalba ba, kuma ba a barin wanda bai kai shekara 21 ba ya saya. Akwai abin da idona ke gani wanda raina ba ya so, musamman in dare ya tsala. Shi ya sa nake zuwa da wuri, in kuma bar wurin kafin mutane su fara fita hayyacinsu. Titin Bourbon da ya yi suna a duniya sau ɗaya na ratsa shi, ban koma ba; can hayaniya ce ta 'yan yawon buɗe ido. A Frenchmen lemo nake saya in nemi gefe kusa da makaɗa, kuma har yau ba wanda ya taɓa dubana don haka.

To abin da ke kai ni, kiɗan ne. Daren farko da na ji mai ƙaho ya ja baiti sauran suka karɓa masa, wallahi tsigar jikina sai da ta tashi. Jagora da 'yan amshi ne sak, irin wanda muka tashi muna ji a gidan biki. Mai babbar ganga yana dukan da ya tuna mini da kiɗan gangar noma ranar gayya. Daga baya na je filin da ake kira Congo Square, tafiyar ƙafa ce daga nan. A wannan fili ne bayin da aka kwaso daga Afirka suke taruwa ranar Lahadi su yi kiɗa da rawa da ɗan ciniki. A 1817 ma hukumar gari ta ce nan kaɗai aka yarda su taru. Daga jikokin waɗannan mutane kiɗan jaz ya fito. Louis Armstrong, shahararren mai busa ƙahon jaz wanda aka haifa a garin a 1901, sunansa aka sa wa lambun da filin yake ciki yanzu. Na daɗe zaune a wurin ni kaɗai. Mutanen da aka raba da harshensu da sunayensu, ba a iya raba su da bugun ganga ba, ga shi bayan shekara ɗari biyu ni baƙo na zo na gane shi.

Abin da ke damuna shi ne halin makaɗan. Gidaje da yawa ba a biyan kuɗin shiga, sai dai a ce ka sayi abin sha ko guda ɗaya. Mai gida yana samu daga sayar da giya, makaɗa kuma rabin samunsu yana cikin bokitin da ake zagayawa da shi bayan kowane zango. A wurinmu makaɗi yana da iyayen gida, ana yi masa liƙi, ana ambatonsa. Nan sai ka ga mutum ya ɗauki bidiyo na minti goma a waya, da bokiti ya iso gabansa ya kau da kai. Abin yana ƙona mini rai. Ni dai tunda ba na sayen abin da ke kawo wa gidan riba, na ɗaura wa kaina in saka dala biyar ko goma duk inda na zauna. Tun bayan guguwar Katrina ta Agustan 2005, wadda ta sa ruwa ya shanye kusan kashi 80 cikin ɗari na garin, kuɗin haya ya yi ta hawa, masu kiɗan da dama sun koma can bayan gari. Su suka sa unguwar ta yi daraja, su ne kuma zama a cikinta ya gagara.

Abinci kuwa, da kana nan da ka yi murna. Akwai miyar da suke kira gumbo, wadda sau da yawa da kuɓewa ake yin ta, a zuba a kan shinkafa. Jambalaya 'yar'uwar dafa-duka ce. Ran Litinin wake da shinkafa ake ci, al'ada ce tun lokacin da Litinin take ranar wanki, a ɗora tukunya ta yi ta dahuwa. Sai dai fa dole ka tambaya, domin naman alade yana shiga kusan duka ukun. Ni na tsaya kan po' boy, dogon burodi da ake cusa wa soyayyen kifi ko jatan lande da latas da tumatir. An ce a yajin aikin ma'aikatan jirgin cikin gari na 1929 ya samu sunan, lokacin da wasu masu gidan abinci suke ba masu yajin kyauta. In zan koma gida nakan bi ta Café du Monde, wanda ke nan tun 1862, in sha gahawa da madara da wani fanke mai kusurwa huɗu da ake bulbule shi da garin sukari. Zaman wurin yakan tuna mini da teburin mai shayin bakin layinmu.

In Allah ya nufa ka zo, Preservation Hall zan fara kai ka. Tsohon ɗaki ne a titin St. Peter, tun 1961 ake kiɗa a cikinsa, benci ne na katako, ba a sayar da giya, har yara ana shigowa da su. Dattawa ne ke busa, kusa da kai har kana jin numfashinsu. Ina so in ga fuskarka lokacin da za su karɓi amshi.

Ka gaishe mini da Hajiya da kyau, ka ce ta ci gaba da sa ni a addu'a. Ka shafa mini kan yara. In ka sami mai tahowa, yaji da kuka sun ƙare.

Wassalam,
Naka amini