Roƙon Tallafi Domin Sake Gina Majami'armu da Aka Ƙone

'Yan'uwa a cikin Almasihu da maƙwabtanmu, muna gaishe ku cikin sunan Ubangiji.

Kun ji labarin wutar da aka cinna wa majami'armu. Dattawan ikilisiya sun riga sun tsayar da magana: babu ramuwa. A Matiyu 5:44 Yesu ya umarce mu mu ƙaunaci magabtanmu, mu yi wa masu tsananta mana addu'a, shi ya sa duk ranar Lahadi da muke sujada a ƙarƙashin rumfa muke sa waɗanda suka yi wannan aiki cikin addu'a. Bincike na hukuma ne. Namu shi ne gini, kuma muna so a rufe shi kafin damina ta sauka.

Wasu sun ce tunda bango yana tsaye a ɗora rufi kawai. Ba zai yiwu ba. Bulon da ya sha wuta idan ka ƙwanƙwasa shi da guduma za ka ji ƙarar kamar ta fanko, gefensa yana marmashewa a hannu. Linta kuwa inda simintin ya koma jaja-jaja ko ya fashe har rodi ya fito, ƙarfinta ya tafi. Dole a rushe daga saman tagogi, a sake zuba linta. Kwanon da ya tsira ma ba zai koma ba, domin zafi ya cinye rufin da ke hana shi tsatsa. Damina biyu ya fara yoyo. Haka wayoyin lantarki: robarsu ta narke a cikin bango, sai a zare su duka.

Don haka abin da muke roƙo da farko siminti ne, da yashi da tsakuwa da rodi. Bulon inci tara za mu buga da kanmu, buhu ɗaya kada ya wuce bulo 30, a riƙa shayar da su ruwa safe da yamma har kwana bakwai. Wanda ya rage siminti a nan, shi ne zai ga tsaga daga baya. Sai katako busasshe wanda za a shafa wa maganin gara, kwano bandir-bandir, ƙusa, da tukwanen kashe gobara. Benci da Littafi Mai Tsarki da littattafan waƙoƙi za su biyo baya. Magina da kafintoci da masu walda, yini ɗaya na aikinku babban baiko ne.

Wutar ta lashi rumfunan maƙwabta biyu, kuma Musulmi ne. Kwamiti ya amince a fara gyara nasu daga kwanon da zai fara shigowa, domin da su suke ciyar da iyalansu.

Kuɗi ko kaya a miƙa wa ma'ajin ikilisiya kaɗai, a karɓi rasit mai hatimi. Ba mu tura kowa yawo da takarda gida-gida ba. Za a karanta lissafin abin da ya shigo da abin da aka kashe bayan sujada a Lahadin farko na kowane wata.

Kwamitin Sake Gina Majami'a