Ku gyara maganar da kuka yi kan ƙungiyoyin ƙwallon kwando da suka mutu

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni fili in faɗi abin da ya tsaya mini a rai tun daren Asabar ɗin nan. Maganar da mai gabatar da shirinku na wasanni a rediyo ya rufe da ita, cewa duk ƙungiyar ƙwallon kwandon da ka ji ta mutu to dama can ba ta da abin kirki, wai gasa ce ta sheƙe su kamar ƙaiƙayi tsaba ta rage, wannan magana ba gaskiya ba ce, kuma ta ɓata mini rai ƙwarai da gaske. Ya faɗe ta yana dariya, abokin aikinsa ya ce haka ne, aka sa kiɗa aka wuce. Mu da muka san abin, kunnenmu bai wuce ba.

Da bakinsa ya ambaci Houston Comets a cikin jerin da ya karanto. Malam, ƙungiyar da ta ɗauki kofin gasar mata ta Amurka, wato WNBA, a 1997 da 1998 da 1999 da 2000, kofuna huɗun farko tun da aka kafa gasar, ita ce ba ta da abin kirki? Duk sau huɗun nan Cynthia Cooper ce aka zaɓa gwarzuwar wasannin ƙarshe. Ga Sheryl Swoopes, ga Tina Thompson. A watan Agustan 1999 ciwon daji ya yi ajalin Kim Perrot, wadda ke raba musu ƙwallo, ana dab da ƙarshen kaka, suka share hawaye suka je suka ɗauko kofin. Har 'yarmu Mfon Udoka, wadda ta buga wa Nijeriya a gasar Olamfik ta 2004, ta sa rigarsu a 2003. Abin da ya kashe Comets ba a fili ya faru ba. Mai ƙungiyar maza ta Houston Rockets a lokacin, Leslie Alexander, shi ke da ita, ya sayar wa wani mai sana'ar kayan ɗaki a 2007, nauyin ya fi ƙarfin mutumin, hukumar gasar ta karɓa ta nemi mai saye ba ta samu ba, ga tattalin arzikin Amurka ya shiga wani hali a shekarar. A watan Disambar 2008 aka rufe ta, aka rarraba 'yan wasanta ga sauran ƙungiyoyi. Ina rashin iya wasa a nan?

Haka Kentucky Colonels. A duk tsawon rayuwar gasar ABA, kishiyar babbar gasar Amurka ta NBA, daga 1967 zuwa 1976, babu ƙungiyar da ta kai ta yawan cin wasa. A kakar 1971 zuwa 1972 ta ci wasa 68 ta faɗi 16 kacal. A 1975 ta doke Indiana Pacers ta ɗauki kofi, da Artis Gilmore da Dan Issel, Hubie Brown na horar da su. Shekara ɗaya bayan haka aka zauna a kan tebur za a haɗe ABA da NBA, aka ɗauki ƙungiyoyi huɗu: San Antonio Spurs da Denver Nuggets da New York Nets da ita wannan Pacers ɗin da aka doke. Colonels aka bari a waje. Mai ita, John Y. Brown, ya karɓi kimanin dala miliyan 3 ya naɗe tabarmarsa, Gilmore ya tafi Chicago Bulls, mutanen Louisville, garin Colonels, suka wayi gari ba su da ƙungiya. To wa aka sheƙe a nan, wa ya rage?

Kuma in mai gabatarwarku yana son ya ga inda kuɗi ke aikinsu, ya dubi Spirits of St. Louis, wadda ita ma aka bari a waje a wannan zaman. Masu ita, 'yan'uwa biyu Ozzie da Daniel Silna, suka ƙi karɓar sallama irin ta Brown, suka ce sai dai a riƙa ba su kaso ɗaya cikin bakwai na kuɗin talabijin na kowace ɗaya daga cikin ƙungiyoyin huɗun nan, har abada. Aka sa hannu. Shekara da shekaru suna karɓar miliyoyi a kan ƙungiyar da ba ta sake jefa ƙwallo ko sau ɗaya ba, sai a 2014 aka yi sulhu da su a kan kuɗin da aka ruwaito sun kai dala miliyan 500. 'Yan wasan da suka zubar da gumi a wannan riga ba su da ko sisi a cikin wannan yarjejeniya, magoya baya kuma ba a ma tuna da su ba.

Ban ce babu ƙungiyoyin da suka yi rauni ba. Providence Steamrollers wasa 6 kawai ta ci cikin 48 a kakar 1947 zuwa 1948, kuma ba ta daɗe ba ta bi sahu. Da ita kaɗai ya ambata da ban ɗauki biro ba. Amma ya ce duk, kuma a cikin duk ɗin nan akwai Baltimore Bullets ta farko wadda ta ɗauki kofi a 1948 ta ruguje a 1954 ana cikin kaka, akwai Washington Capitols wadda ta ci wasa 49 cikin 60 a kakarta ta farko a hannun Red Auerbach, kuma a rigarta ne Earl Lloyd ya zama baƙar fata na farko da ya taka fili a wasan NBA, ranar 31 ga Oktoban 1950.

Wadda ta fi ci mini rai ita ce wadda ko sunanta bai ambata ba, New York Renaissance, da ake kira Rens. Shiri guda cur a kan ƙungiyoyin da suka shuɗe, a gidan rediyon baƙar fata, ga masu sauraro baƙar fata, a ce ba a san da Rens ba! Bob Douglas, mutumin tsibirin Saint Kitts, shi ya kafa ta a unguwar Harlem a 1923, 'yan wasa duk baƙaƙe, mai ƙungiya baƙi. Filin gidansu zauren rawa ne, a yi wasa a gama a janye kwanduna makaɗa su hau. Saboda manyan gasannin lokacin sun rufe musu ƙofa, sai suka shiga mota suna bin gari gari, duk wanda ya ce ya isa su kara da shi. A garuruwa da yawa otel ba ya karɓarsu, gidan abinci ba ya sayar musu, su gama wasa da dare su sake shiga mota su yi tafiya mai nisa kafin su sami wurin da za su sa haƙarƙarinsu. A cikin wannan hali suka ci wasa 88 a jere a kakar 1932 zuwa 1933. A 1939 aka shirya gasar ƙwararru ta duniya karo na farko a Chicago, aka gayyaci farare da baƙaƙe, Rens ta doke Oshkosh All-Stars a wasan ƙarshe ta ɗauki kofin. 'Yan wasanta irin su Tarzan Cooper da Pop Gates da John Isaacs, waɗannan sunaye ne da ya kamata yaranmu su ji a shirinku. A kakar 1948 zuwa 1949 suka koma garin Dayton suka shiga gasar NBL, sai ga shi a 1949 an haɗe NBL da wata gasar mai suna BAA an haifi NBA, su kuma ba a tafi da su ba. Nan ƙungiyar ta ƙare. A 1963 Amurkawan da kansu suka shigar da ita ɗungurungum cikin zauren karrama gwanayen ƙwallon kwando, a 1972 suka shigar da Douglas. Waɗanda suka hana su ɗakin kwana sun dawo sun yarda gwanaye ne, mu kuma a nan muna dariya muna cewa duk wadda ta mutu ba ta iya ba ce.

Malam Edita, ba don Amurka kawai nake wannan zafin ba. Ni ma ɗan ƙungiyar da ta mutu ne. A ƙuruciyata na yi aiki a wata masaƙa a Kakuri, nan Kaduna, kuma na buga wa ƙungiyar ƙwallon kwandon kamfanin. Mu tashi daga aiki da ƙurar auduga a kai, mu canza kaya a bayan sito, mu shiga filin siminti mu yi atisaye har duhu ya hana ganin kwando. Akwai Bahaushe, akwai Bajju, akwai Tibi, akwai Ibo, akwai Bayarabe, ba wanda ke tambayar wani inda yake ibada in dai zai miƙo ƙwallo a kan lokaci. Kamfani ke saya mana riga da takalmi, motar kamfani ke kai mu wasa wasu garuruwa, ma'aikata su cika gefen fili da ganguna. Mun ci wasu, wasu sun ci mu, amma ba a taɓa raina mu ba, kuma akwai kofunan da muka kawo gida aka jera a ofishin manaja. Ba wata ƙungiya da ta kore mu daga fili. Albashi ne ya fara tsallake wata, sai aka ce motar ba mai, sai aka ce a dakata da wasanni har abubuwa su daidaita, sai wata safiya muka tarar da kwaɗo a ƙofar masaƙar. Mai tsaron bayanmu, wanda ban taɓa ganin mai tsalle irin nasa ba a garin nan, ya koma acaɓa. Kyaftin ɗinmu ya tattara iyalinsa ya koma ƙauye, can ya rasu, Allah ya jiƙansa. Kofunan ko ganinsu ban sake yi ba.

Yanzu da yamma ina koya wa yaran unguwa wasan, maza da mata, a filin wata makaranta. Ni na ce musu su riƙa sauraron shirinku. Ranar Litinin wani yaro, ba da rashin kunya ba, da zuciya ɗaya, ya tambaye ni a gaban sauran: “Koci, ashe ku ma ba ku iya ba ne shi ya sa taku ta mutu?” Wallahi sai da na ɗan juya baya kafin na iya ba shi amsa. Yaron nan ba shi da laifi. A rediyo ya ji, kuma abin da rediyo ya faɗa a wurinsu ya zauna. Mutanen da na yi wasa da su, waɗansu suna raye suna fama, waɗansu suna kabari, a zo a ce wa jikokinsu gazawa ce ta watsa su. Wannan shi ne abin da ba zan yi shiru a kai ba.

Ko Seattle SuperSonics da ya taɓo a gurguje, ya ce ai ba mutuwa ta yi ba, ƙaura ta yi zuwa Oklahoma. A takarda haka ne. Amma ya je ya faɗa wa mutanen Seattle, waɗanda suka bi ƙungiyar shekara 41, suka ɗauki kofi da ita a 1979, suka kai wasan ƙarshe da Gary Payton da Shawn Kemp a 1996, suka ga Kevin Durant ya buga musu kaka ɗaya tak sannan aka kwashe shi da sauran a 2008. Howard Schultz na kamfanin Starbucks ne ya sayar da ita ga attajiran Oklahoma a 2006 a kan dala miliyan 350, rigimar kuma a kan kuɗin gina sabon zauren wasa ce. Mu nan muna da dalilin tunawa da ita, don ita ce ta ɗauki Olumide Oyedeji a shekarar 2000, wanda daga baya ya zama kyaftin ɗin Nijeriya lokacin da muka ci kofin Afirka a 2015.

Abin da nake nema ba mai yawa ba ne. A wannan fili, a wannan lokaci, mai gabatarwar ya fito ya ce maganar da ya yi ba daidai ba ce. Ba sai ya ambaci wasiƙata ba. Kuma ku ware shiri guda ku ba da tarihin Rens yadda ya kamata, ku nemi tsofaffin 'yan wasan ƙungiyoyin kamfanoni da na ma'aikatu da suka watse a Kaduna da Kano da Zariya da Jos, ku sa musu makirufo su faɗa da bakinsu abin da ya rufe filayensu. Suna nan da ransu, kuma ba wanda ya taɓa tambayarsu.

Sai kuma wani abu daban, tunda na riga na ɗauki biro. Don girman Allah ku duba tallan masu maganin gargajiya da kuke sakawa a tsakiyar shirin wasanni. Kalaman da mutumin nan ke furtawa ba na gaban yara ba ne, ga shi ana ƙara masa murya fiye da ta shirin kansa. Ina zaune da 'ya'yana mata da ƙananan jikoki, dole in yi wuf in rage sauti, kafin in mayar an wuce rabin sakamakon wasannin. Na san gidan rediyo da talla yake rayuwa, amma kuna iya mayar da shi can cikin dare, ko ku ce ya gyara harshensa. Na kira layin da kuke bayarwa don in faɗi wannan, kullum a kashe yake ko ba a ɗauka, shi ya sa na haɗa a nan.

Allah ya taimake ka, ya ƙara wa gidan naku albarka. Ina jiran shirin Asabar mai zuwa.

Naku mai sauraro,
tsohon ɗan wasa daga Kakuri, Kaduna.