Zuwa ga Malamin da ya ce haddar littafin Turawa nake yi

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Na ji tambayarka a rediyo ranar Lahadi, har da dariyar da aka raka ta da ita. Ka ce in har hasken rana yana sauya ƙwayoyin gadon funfuna kamar yadda na faɗa, me ya sa tun kaka da kakanni ake shanyar gyaɗa ba a taɓa ganin dodo ya fito daga buhu ba? Ka kuma ɗora da cewa ban taɓa ganin komai da idona ba, hadda kawai nake yi. Dodo kai ka kawo shi, sai ka san inda za ka ɗaure shi. Ta biyun ce ta yi mini zafi.

Ga abin da idona ya gani, ba sau ɗaya ba. Mukan shafa irin baƙar funfunar nan da ke kama albasa a ɗan farantin gilashi, mu cire murfin saboda gilashi yana tare hasken, mu ajiye ƙarƙashin fitilar UV, wato hasken da ido ba ya gani, mai tsawon zango nanomita 254, na ɗan lokaci. Mafi yawansu mutuwa suke yi. Bayan kwana uku ko huɗu, cikin waɗanda suka tsira sai ka tsinci guda ta fito fara ko ruwan ƙasa, alhali uwarta baƙa ce wuluk. Ka ɗebe ta ka shuka a sabon faranti, 'ya'yanta ma haka za su fito. Wannan shi ne sauyin, Malam, ba ƙaho ba wutsiya.

DNA, abin da ke ɗauke da ƙwayoyin gado, rubutu ne da haruffa huɗu: A, T, C, G. Idan hasken UV ya faɗa inda T ko C suke jere kafaɗa da kafaɗa, sai ya liƙe su. Lokacin da ƙwayar za ta kwafi kanta don ta hayayyafa, mai kwafin yakan yi tuntuɓe a wurin ya sa harafin da ba shi ba, galibi C ya koma T. Kuskuren ba ya zaɓen wuri, kuma yawancinsa ko dai ya kashe ƙwayar ko ya wuce ba a ma sani ba.

Amsar shanyarka tana nan kusa. Irin hasken fitilarmu, mai tsananin ɓarna, ba ya isowa ƙasa daga rana, iskar ozon ta tare shi a sama. Wanda ke isowa ya fi rauni, kuma funfuna ba ta zauna hannu rabbana ba. Baƙin launinta garkuwa ne. Ire-irenta da yawa kuma suna da wani sinadari mai amfani da shuɗin hasken rana ya warware harafan da suka liƙe. Shi ya sa da mun kashe fitila muke naɗe farantan a cikin duhu, don in haske ya taɓa su sai su gyara ɓarnar, aikinmu ya tashi a banza. A kan irin wannan gyaran DNA Aziz Sancar, haifaffen Turkiyya, ya samu rabon kyautar Nobel a 2015.

Littafin Turawa kuwa, ban musa ba, na karanta. A 1941 masana kimiyya Hollaender da Emmons suka haska irin funfunar da ke kawo makero, suka ga sauyi ya fi yawa wajen nanomita 265, daidai inda DNA ya fi shan haske. A 1943 aka samo wata funfuna jikin ruɓaɓɓen ɗan uwan kankana a Peoria ta Amurka, aka haska ta da X-ray, sannan da UV a Jami'ar Wisconsin, aka samu mai ba da penisilin ninkin-ba-ninkin. Ban taɓa jin ka mayar da allurar penisilin don daga littafin Turawa ta fito ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali, wata baiwar Allah ta tare ni tana tambaya ko ta daina shanya. Ta ci gaba! Gubar aflatoksin da ke cikin gyaɗa da masara danshi ne ke raino funfunarta. A shanya a kan tabarma ko leda, a bari ta bushe ƙarau. Kai ka samu tafi, ni aka bar ni da share fage.

Da neman gaskiya ya kawo ka, da ka tambayi dalilin da ya sa ɗalibi zai gama digiri bai taɓa ganin wannan gwaji ba. Fitilar da nake magana a kai da albashina na saye ta. Sau nawa wuta ta ɗauke faranti na cikin na'urar ɗumi, aikin mako guda ya lalace? Wannan ba ya ba da dariya a rediyo, na sani.

Ƙofar ɗakin gwajinmu a buɗe take. Ka zo da albasarka mai baƙin funfuna, ni zan ba ka tabarau. Ka dai kira tukuna, in duba ko akwai wuta.

Wassalam.