Ɗana, Kada Ka Rufe Ƙofar da Ba Kai Ka Gina Ba

Ɗana,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Muna lafiya, innarka ma ƙafar ta yi sauƙi, har ta koma Zumuntar Mata ranar Talata.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar da ka yi wa gwaggonka lokacin hutun Kirsimeti. Ba ta kawo ƙararka ba. Ni na same ta a bayan madafa tana tsince wake, hawaye na ɗiga cikin faifan, sai da na matsa mata kafin ta buɗe baki. Ta ce ta roƙe ka ka taya ta addu'a saboda ɗanta da ya bar sujada shekara shida ke nan, kai kuwa ka ce mata in yana cikin zaɓaɓɓu zai dawo, in ba ya ciki kuka ba zai sāke kome ba. Tun daga ranar ta kasa durƙusawa dominsa. Wannan ya yi mini zafi ƙwarai, ɗana.

Na san inda ka samo maganar. Na ga littattafan da ka zo da su daga makarantar tauhidi, na kuma ji daɗi da kake karatu da himma. Amma wannan gardama, kan ko Allah ne kaɗai ke zaɓen waɗanda za su sami ceto ko mutum ma yana da nasa zaɓin, ta girmi kakanninmu. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da ake kira Aljeriya yau, ya yi ta da Pelagiyus, wanda ya ce mutum na iya yin biyayya ga Allah da ƙarfin kansa, har taron Kartaj na shekarar 418 ya ƙi koyarwar Pelagiyus. Luther da Erasmus, manyan malaman addini na Turai, sun sāke ta a 1524 da 1525. A Holan kuma, mabiyan Arminiyus, wanda ya koyar cewa mutum na iya ƙin alherin Allah, suka kawo batutuwa biyar a 1610, majalisar ikilisiya da ta zauna a garin Dort ta amsa musu a 1618 zuwa 1619, daga nan aka samo batutuwa biyar ɗin da kake lissafa mana da yatsu a tsakar gida.

Ba zan ɓoye maka ba, zuciyata ta fi karkata wajenka. Ban nemi Allah ba, shi ya neme ni. Ina saurayi, ba abin da na sani sai burkutu da faɗa a kasuwa, na shiga majami'a don in fake wa ruwan sama kawai, wa'azin ranar ya kama ni kamar ƙaya ta kama riga. In na karanta Yohanna 6:44, inda Yesu ya ce ba mai iya zuwa wurinsa sai Uba ya jawo shi, tarihina nake gani. Afisawa sura 1 da Romawa sura 9 ma ba na tsallake su.

Sai dai Littafin nan da ya faɗi haka shi ne kuma ya ce Allah yana so dukan mutane su sami ceto, duba 1 Timoti 2:4. Shi ne ya nuna mana Yesu yana kuka a kan Urushalima, yana cewa sau nawa ya so ya tattara 'ya'yanta kamar yadda kaza take tattara 'yan tsakinta, amma suka ƙi. Wanda ya yi kukan nan ya fi ni da kai sanin asirin zaɓe, bai kuwa hana idonsa zubar da hawaye ba. To, don me za ka hana gwaggonka?

Ka buɗe Ayyukan Manzanni sura 27 ka karanta a hankali. Jirgin ruwa na cikin hadiri, mutum 276 a ciki, mala'ika ya tabbatar wa Bulus cewa ba ran da zai salwanta. Magana ta ƙare ke nan, Allah ya yanke. Amma da matuƙan suka saukar da ƙaramin kwalekwale za su sulale, Bulus ɗin nan ya ce wa jarumin soja in mutanen nan ba su zauna cikin jirgi ba, ba za ku tsira ba. Ya kuma sa su ci abinci. Bai ga saɓani tsakanin alkawarin Allah da aikin hannun matuƙa ba. Wanda ya ƙaddara tsirar, shi ya ƙaddara hanyarta. Ka san ko addu'ar uwar nan ita ce igiyar da Allah ya shirya zai jawo ɗanta da ita? Monika, mahaifiyar Agustin da kake ƙauna, shekaru ta yi tana kuka dominsa kafin a yi masa baftisma a Milan a 387.

Wani abu kuma. Cikin masu wa'azin Ingila, George Whitefield ya riƙe irin ra'ayinka, John Wesley ya riƙe na Arminiyus, sun yi musu a rubuce har tafiyarsu ta rabu a 1741. Duk da haka Whitefield bai zauna yana jiran zaɓaɓɓu su zo da kansu ba, sau bakwai ya je Amurka yana wa'azi a fili. Da ya rasu a 1770, Wesley ne ya yi wa'azin tunawa da shi a Landan, bisa ga abin da marigayin ya so. Kai kuwa na ji ka daina gaisawa da abokinka na ƙuruciya don cocinsu na kiran mutane su fito gaba su karɓi Yesu. Haba, ɗana.

Ba a ba ka littafin rai ka duba sunayen da ke ciki ba. Ni ma shekara talatin ina dattijon ikilisiya, ba a taɓa nuna mini ko shafi ɗaya ba. Mutanen da na yanke ƙauna a kansu, wasunsu yau su ke jan waƙa.

In kun sami hutun Ista, kada ka sauka a gida tukuna. Ka wuce wurin gwaggonka, ka durƙusa ka nemi gafararta, sa'an nan ku yi addu'a tare, ka ambaci sunan ɗan'uwanka da bakinka. Bayan haka ka neme shi a garejin da yake aiki, ba da littafi a hannu ba, ka zauna ku ci abinci. Innarka ta ce za ta aiko maka da yaji da ƙuli-ƙuli ta hannun direban da ya saba, ka kira ta in sun iso.

Ni ne mahaifinka.