Wasiƙar Godiya Ga Shagon Gyaran Kwamfuta Na Samaru Da Ya Haɗa Mana Na'urorin Makaranta

Zuwa ga Malam Injiniya da dukkan ma'aikatansa,
Shagon gyaran kwamfuta da haɗa na'urori,
Samaru, Zariya.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya tare da iyalanku, na rubuto wannan wasiƙa ne a madadin hukumar makarantarmu da ke Tudun Wada, domin in gode muku a bainar jama'a bisa aikin da kuka yi mana na haɗa kwamfutocinmu har suka fara ganin juna. Gaskiya ne mun biya kuɗin aiki, amma abin da muka samu ya zarce abin da aka rubuta a rasit, shi ya sa malamai suka dage cewa godiyar baki kaɗai ba za ta wadatar ba. Na zaɓi in faɗi yadda aikin ya gudana dalla-dalla, saboda na san akwai makarantu da ƙananan asibitoci da shagunan buga takardu a Kongo da Sabon Gari da PZ da ke fama da irin wannan matsala, kuma ya kamata su san yadda ake yin aikin idan an yi shi da gaskiya.

Muna da kwamfuta a ofishina, da ta ma'aji, da ta jami'in jarrabawa, sannan ga waɗanda ke ɗakin kwamfuta inda ɗalibanmu ke gwajin JAMB, tunda tun daga 2015 a kan kwamfuta ake rubuta jarrabawar gaba ɗaya. Dukkansu suna ƙarƙashin rufin makaranta ɗaya kuma suna samun intanet, amma idan mutum ya buɗe sashen da Windows ke jera na'urorin da ke kusa, ba ya ganin komai sai kwamfutar da yake zaune a gabanta. Saboda haka duk ƙarshen zangon karatu sai malamai su riƙa yawo da filas daga wannan ofis zuwa wancan, filas ɗin kuma ya riƙa ɗauko bairos ɗin nan da ke ɓoye folda ya bar ta ƙarya a madadinta. Wanda ya gaji da filas sai ya tura takarda ta WhatsApp, wato ya ƙona data domin aika abu zuwa ɗakin da bango ɗaya ne tsakaninsu.

Kafin mu zo wurinku an ba mu shawarar mu sayi babbar kwamfutar ajiya, an ce ita kaɗai za ta raba mu da wannan wahala. Abin da ya fara kwantar mini da hankali game da ku shi ne kun ƙi yanka farashi kafin ku ga abin da ido, kuma da kuka zo ba ku zo da kayan sayarwa ba, sai na'urar gwada kebul da kwamfutar hannu. Kuka zauna gaban kowace kwamfuta kuka rubuta ipconfig, umarnin da ke nuna adireshin kwamfuta, kuka kuma sa jami'in jarrabawarmu ya riƙa rubuta adireshin da ya fito a takarda da hannunsa. Nan take bambancin ya bayyana: adireshin kwamfutocin ofis duk yana farawa da 192.168.8, na ɗakin kwamfuta kuwa yana farawa da 192.168.0. Bayanin da kuka yi mana ya zauna a kaina, cewa a irin tsarinmu kashi uku na farko na adireshin kamar sunan unguwa ne, na ƙarshe kuma lambar gida, don haka kwamfutocinmu a unguwanni biyu suke zaune, kuma shelar da kowace kwamfuta ke yi ta cewa ga ni nan ba ta tsallake rauta, wato na'urar da ke raba intanet, zuwa wata unguwar.

Dalilin rabuwar shi ne rauta biyu muke da su, ɗaya mai layin waya a ofis, ɗaya kuma a ɗakin kwamfuta wadda aka jona da ta farko, kowacce tana raba adireshi nata daban. Ba ku cire komai ba, ba ku kuma ce mu sayi sabuwa ba. Kun shiga cikin rauta ta biyu kuka kashe mata aikin rabon adireshi, wanda ake kira DHCP, kuka zare kebul ɗin daga ramin da ake shigar da intanet kuka mayar da shi ɗaya daga cikin ramukan gida, ta yadda ta koma mai miƙa saƙo kawai, rauta ta ofis kuma ta zama ita kaɗai ke ba kowa adireshi. Kun nuna mana cewa wannan tsari ɗaya yana da gurbin adireshi 254, wanda ya fi ƙarfin makaranta irin tamu nesa ba kusa ba.

Kwamfuta ɗaya ta ƙi bin sahu, ta nuna adireshin da ke farawa da 169.254. Ɗalibar da ke sanin makamar aiki a shagonku ce ta fara lura da shi, ta ce wannan adireshi ne da Windows ke ba kanta idan ta nemi mai rabon adireshi ba ta samu ba, don haka laifin yana kan hanya ne, ba a cikin kwamfutar ba. Da ta sa na'urar gwaji, daga cikin fitilu 8 na wayoyin da ke cikin kebul wasu ba su kama ba, da aka leƙa silin kuma sai aka tarar ɓera ne ya yi aikinsa. Ita ta ja sabon kebul ta matse kawunansa da kanta. Ina roƙon ku isar mata da yabonmu na musamman, domin ɗalibanmu mata sun tsaya suna kallonta, kuma har yau suna maganarta.

Da adireshi ya daidaita, mun ɗauka an gama, ashe da saura. Kun rubuta ping, umarnin da ke gwada ko kwamfuta za ta amsa, tare da adireshin kwamfutar ma'aji, amsa ba ta dawo ba, kuka ce kada mu ɗaga hankali, rashin amsa ba ya nufin kwamfutar ba ta nan, katangar tsaro ta Windows ce take yin shiru da gangan. Windows kan ɗauki kowace hanyar sadarwa ko dai a matsayin ta jama'a, irin ta otel da filin jirgi, inda take ɓoye kanta daga kowa, ko kuma ta gida, inda take yarda a gan ta. Yawancin namu a kan ta jama'a suke. Kun mayar da su ta gida ɗaya bayan ɗaya, kuka kunna musu damar gano juna da damar raba fayil da firinta, kuka kuma tabbatar duk suna ƙungiya ɗaya mai suna WORKGROUP. Sannan kuka canza musu suna daga dogayen haruffan da suka zo da su daga kamfani zuwa sunayen da kowa zai gane, kamar MAAJI da JARRABAWA da LAB01, kuna tunatar da mu kada suna ya wuce haruffa 15.

A nan ne na fi ganin ƙimar aikinku, kuma a kansa nake so masu karatu su tsaya. Wasu kwamfutocin sun ci gaba da ɓacewa daga jerin, sai ɗaya daga cikin malamanmu, wanda shi ma yana ɗan taɓa harkar, ya kawo shawarar da ya gani a intanet: a kunna tsohuwar hanyar raba fayil mai suna SMB1, ko kuma a kashe katangar tsaro gaba ɗaya, yanzun nan komai zai fito. Ba ku musa cewa zai fito ba, kuma da kun bi wannan hanya da kun gama da wuri kun karɓi kuɗinku, mu kuwa ba za mu taɓa sanin abin da aka buɗe mana ba. Amma kuka ƙi, kuka yi mana bayani cikin natsuwa, ba tare da kun kunyata malamin ba, cewa ta wannan tsohuwar hanya ce bairos ɗin WannaCry ya bi a watan Mayun 2017 ya kulle kwamfutoci a ƙasashe da dama, har da na asibitocin gwamnatin Birtaniya, yana tsallakawa daga wannan na'ura zuwa waccan da kansa, kuma tun daga ƙarshen 2017 Microsoft ta fara janye ta daga sababbin Windows 10. Maimakon haka kuka shiga jerin ayyukan da ke gudana a bayan fage kuka tayar da wanda ake kira Function Discovery Resource Publication, mai sa kwamfuta ta shelanta kanta ga sauran, kuka saita shi ya riƙa tashi da kansa duk lokacin da aka kunna kwamfuta. Sunayen suka fito ɗaya bayan ɗaya, katangar tsaro kuma tana nan a kunne. Kun ƙara da cewa masu neman HomeGroup, wata tsohuwar hanyar raba fayil tsakanin kwamfutocin gida, su daina wahalar da kansu, domin an cire shi daga Windows 10 tun 2018.

Tsoron da ya fi damun ma'aji, kuma yana da hujja, shi ne tunda yanzu ɗakin ɗalibai da ofis sun zama tsari ɗaya, me zai hana yaro mai wayo ya leƙa lissafin kuɗin makaranta ko tambayoyin jarrabawa? Amsar da kuka ba shi ita ce ganin sunan kwamfuta daban, shiga cikinta daban, kuma ba ku tsaya a faɗa ba sai da kuka nuna. Kun bar raba fayil a kan sai da kalmar sirri, kuka buɗe wa kowane ma'aikaci asusunsa, kuka ware folda guda ta sakamakon jarrabawa inda malamai ke iya ajiyewa, da wata ta tambayoyin gwaji inda ɗalibai ke iya karantawa amma ba su iya gogewa ko canzawa. Kwamfutar ma'aji kuwa ba a raba komai a cikinta ba. Kuka zaunar da shi a ɗakin ɗalibai kuka ce ya gwada shiga tasa, ya gwada aka nemi kalmar sirri, sai a lokacin ya saki fuska. A ra'ayina wannan shi ne ainihin bambancin mai sana'a da mai neman kuɗi kawai, domin buɗe komai ga kowa abu ne mai sauƙi, kuma shi ake yawan yi mana a garin nan.

Akwai kuma abin da ba mu nema ba kuka gano. Da kuka buɗe shafin rauta inda take jera duk na'urorin da ke jone da ita, kuka haɗa da abin da umarnin arp -a ya nuna, sai ga wayoyin hannu da babu wanda ya san masu su. Kalmar sirrin waifai ɗinmu ta daɗe tana yawo a unguwa, kuma a ranar ne muka fahimci abin da ke cinye mana data kafin wata ya ƙare. Kun canza ta, kuka buɗe wa baƙi da wayoyin malamai hanya ta daban wadda ke ba da intanet amma ba ta ganin kwamfutocin ofis. Kun kuma jaddada mana abin da da yawanmu ba su sani ba, cewa tura fayil tsakanin kwamfutocin gida ba ya cin data ko kaɗan, ko da kuɗin layin ya ƙare, muddin rauta tana kunne.

Firinta ma kun yi maganinta. Da, duk lokacin da aka ɗauke wuta aka tayar da janareta sai ta ɓace, saboda rauta ta ba ta sabon adireshi alhali kwamfutoci suna nemanta a tsohon. Kun kafe mata adireshi guda a cikin rauta, kuma tun daga lokacin ba ta sake ɓata ba.

Ba ku ɓoye mana abin da ba zai yi mana daɗi ba. Kun faɗa mana ƙarara cewa tsofaffin kwamfutocinmu masu Windows 7 sun daina samun gyaran tsaro daga Microsoft tun 14 ga Janairu, 2020, cewa ita ma Windows 10 wa'adinta 14 ga Oktoba, 2025 ne, kuma ya kamata mu riƙa sauya su a hankali gwargwadon ƙarfin aljihu, mu fara da na ofis. Kuna sayar da kwamfutoci a shagonku, amma ba ku matsa mana mu saya a wurinku ba, kuma hukumar makaranta ta lura da wannan.

Takardar da kuka bar mana, mai ɗauke da sunan kowace na'ura da adireshinta da ɗakin da take, tana manne a bangon ofishin jarrabawa. Da ita jami'inmu ya warware matsalar da ta taso bayan tafiyarku: kwamfutar JARRABAWA ba ta fito a jerin ba, sai ya bi yadda kuka koya masa, ya rubuta \\JARRABAWA a layin adireshi, foldar ta buɗe, bai ko kira ku ba. Da ma kun gaya mana jerin yakan yi jinkiri wani lokaci, alhali hanyar tana nan lafiya.

Shawara guda nake da ita gare ku, Malam Injiniya. Bayanin da kuke yi da baki cikin Hausa mai sauƙi ya cancanci a rubuta shi a ɗan littafi, ko da shafuka kaɗan ne, ku riƙa bar wa masu ofisoshi bayan kun gama aiki, domin ba kowane wuri ne ke da ma'aikacin da zai bi ku da biro da takarda kamar namu ba. Sannan muna sanar da ku cewa hukuma ta amince a ja kebul zuwa ɗakin karatu kafin jarrabawar WAEC da NECO masu zuwa. Mun auna tazarar kamar yadda kuka ce, kuma ba ta kai mita 100 da kuka ce kebul ɗaya ba ya wucewa ba, don haka muna jiran ku sa mana rana.

Allah Ya saka muku da alheri, Ya sa albarka a sana'arku, Ya ƙara muku kasuwa da ɗaukaka, amin.

Wassalam.

Naku,
Shugaban makaranta,
a madadin hukuma da malamai,
Tudun Wada, Zariya.